Taliyar Mutum Ɗaya

Yaran yanzu suna tsammani su suka fara ganin taliyar nan ta cikin kofi. To, na riga su. A duk ƙasar Bande ni na fara sanin ƙa'idarta, ni da na yi aji biyu a lekwal kafin a sallame ni saboda ilimi ya yi mini yawa.

Lokacin babban fari ne, a shekarun saba'in. Shanunmu suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Inna, mahaifiyata, tun ranar da aka ja gawar saniyarta ta ƙarshe zuwa bayan gari ta daina cin abinci. Jar dawar taimako da muke karɓowa a Magariya ba ta zama a cikinta. Tana kwance a rumfa, awarwaronta na zamewa har gwiwar hannu.

Ran nan sai ga taubashina, wanda ke tuƙa kamyo, wato babbar mota, a wurin wasu ƴan Japon masu aikin ma'adinai can arewa. Ya zaro wani farin kofi marar nauyi daga aljihu.

"Ungo, bawana," in ji shi. "Ko marar lafiya yana iya cin wannan. Kai mai karatu, karanta mana."

Na jujjuya kofin. Rubutun kamar kaji sun yi tono. Na ce masa bugun ne bai fito ba.

Ya yi dariya har da tari, sannan ya koya mini. Ruwa ya tafasa sosai. A buɗe murfin rabi kawai. A zuba ruwa zuwa layin da ke ciki, kada a wuce. A rufe, a jira kamar tsawon alwala. Kuma na mutum ɗaya ne.

Ni da kaina na tsuguna gaban murhu, mata na kallona. Na zuba daidai layi, na ɗora faifai a kai. Da na buɗe, ƙamshi ya cika gidan. Inna ta ɗago kai.

"Me ake dafawa?"

Rabon da ta tambayi abinci har na manta. Na ɗauki kofin na kai mata.

"Naki ne, Inna. Ke kaɗai."

Ta dubi ƙofar rumfa. Jikokinta sun yi cirko-cirko, har da na maƙwabta da hanci ya jawo.

"Ni kaɗai? Mayya ce ni? Waɗanne irin mutane ne ke dafa abin da ba a ce wa kowa bismilla?"

"Inna, ƙa'ida ce. Akwai layi a ciki."

"Kai da layinka, malamin lekwal. A kawo tukunya."

Taubashina ya roƙe ta, ya ce, "Gwaggo, ko loma ɗaya." Ba ta ko dube shi ba. Matata ta juye kofin a tukunya, ta ƙara ruwa cikin ƙwarya, ta barbaɗa kuka da ɗan gari, kamar yadda ake yi wa komai a shekarar. Taliyar ta narke, ta ɓace. Inna ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba, tana nuna wanda za a ba da yatsa.

Ludayin ƙarshe aka miƙa mata, kusan ruwa zalla. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ce gishirin ya yi, ta ba ƙaramar jikarta sauran. Ta koma ta kwanta, fuskarta a sake.

Ba ta ƙara tambayar me ake dafawa ba. Muka binne ta kafin ruwan shuka ya sauka.