Gaurakan Laka na Sadiƙ

Lokacin da Inna Taiba take takaba a Birnin Tudu, iska ta kwantar mata da zanar gida. Sadiƙ, maƙwabcinta mai zanen allunan shaguna, shi ya zo da igiya ya ɗaure ta. 

Sadiƙ ya yi karatun noma bai ƙarasa ba. Hannunsa dai na zane ne, zuciyarsa kuwa tana wani fako da ke bayan hanyar ruwan madatsar Bakolori, inda a da gawo da kirya suke, yanzu ko akuya ba ta tsayawa. Yana da 'yar na'ura kamar ƙusa, ya soka a ƙasa, wayarsa ta gaya masa ko wurin zai riƙe icce. Sai ya kwaɓa laka da taki, ya cusa irin gawo da bagaruwa a ciki, ya gina siffofin gauraka, tsuntsun da ya daina zuwa gulbin yankin. Ya ajiye su a fakon, in ruwa ya sauka su narke, iri ya kama. Kowane yana da jan ɗigo a taswirar wayarsa. Wanda ya tsiro, ɗigon ya koma kore.

Ran da Taiba ta fara ganin su jere suna shan rana, sai da gabanta ya faɗi.

"Sadiƙ, mi kaka yi? Gumaka?"

Ya yi dariya. "Inna, gunkin da ruwan farko zai cinye? Buhun iri ne, na dai yi masa wuya da ƙafa."

Ta ɗaga ɗaya, ta ji irin yana motsi a ciki. Hankalinta ya kwanta.

Na sauran mutane bai kwanta ba. Labaran, wanda gonarsa ke iyaka da fakon, ya tsinci guda a bakin kunyarsa a makon da sansa na huɗa ya mutu. Ya ɗauko shi da sanda ya kai ƙofar mai gari.

"Ga shi! Sammu ne aka binne mini, har da baƙaƙen ƙwayoyi a cikinsa!"

Da aka kira Sadiƙ, ya nuna taswirar wayar don a gane. Da suka ga ɗigo ja kusa da gonakinsu, sai abin ya ƙara muni, wai ya ma ƙidaye waɗanda zai yi wa. Kafin la'asar an bi fakon da sanduna. Gauraka ɗari da wani abu, aka farfashe, aka tara aka ƙone. Taiba tana bayan zana tana ji. Ta san gaskiya, amma ba a kiran mace irinta ƙofar mai gari, ita ma ba ta fita ba. Wannan yana cin ta har yau.

Aka daina ba Sadiƙ aikin zane. Ya tattara ya koma Gusau.

Damina biyu ke nan Taiba tana zagayawa bayan makabarta da ƙaya a hannu. Ba ta ga komai ba sai tsagaggiyar ƙasa. Tana zuwa ne saboda abin da ya ce mata a zaure, ran da zai tafi:

"Inna, uku sun tsira, na ɓoye su bayan makabarta. In kin ga ko ganye biyu, don Allah ki kewaye shi da ƙaya. Kada ki ce nawa ne."