Keken Ƙafa da Aka Ba Yaya Rifkatu

Kai da ka tsaya kana karanta wannan a bangon coci, in tambaye ka: in mutum ba shi da haƙori, rake za ka kai masa kyauta?

Da safen nan labari ya same ni a tashar jirgi, buhun citta a kaina. Yaya Rifkatu ta rasu. Zazzaɓi, in ji su.

Wanda bai san ta ba, ita ce mai ɗinkin da shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana ƙarama, maƙwabciyarmu a nan Kafanchan. A garin Gidan Waya ta koyi ɗinki, a ajin mata, da keken ɗinki na hannu. Duk wanda ya ga aikinta ya san hannu ne.

Da ta dawo, kwamitin ikilisiya ya ce zai taimake ta. Aka tara kuɗin baiko a coci, wasu baƙi da suka kawo ziyara suka ƙara, aka sayo keken ɗinki. Na ƙafa! Wai ya fi girma, ya fi kyau a hoto. Aka ɗora ta a kujera, aka ɗauki hoton, muka tafa. Har da ni.

Ƙanwarta Ladi ce ta zama ƙafafunta. Ladi na taka feda, ita tana riƙe da yadi. Da aka yi wa Ladi aure ta tafi Gwantu, keke ya yi shiru.

Ni na gwada, in na tashi daga dako. Sai na taka da ƙarfi kamar ina korar jirgi, zare ya tsinke. Ta ce, "Yakubu, kai ga ƙafa ba kai, ni ga kai ba ƙafa. Da za a haɗa mu, da an samu tela ɗaya."

Ita ce ke ajiye mini takardar jaridar da aka ƙunso mata ƙosai, don ta san da ita nake koya wa kaina karatu. Rigar dakona kuwa, ban san sau nawa ta toshe mata kafaɗa ba.

Da aka buɗe makarantun firamare na UPE, kowane tela a garin nan ya kwana ɗinkin yunifom. Ta aike ni shagon teloli in roƙa mata wuri a keken hannu. Suka ce, "Wadda ke da sabon keke a ɗaki?" Na je wurin masu raba aikin. Suka ce, "Ai an riga an taimake ta, a bar wa wasu."

Kun gani? Kyautar ce ta rufe mata kowace ƙofa.

Na samo hannun juyawa wurin mai gyaran keken ɗinki a kasuwa. Ƙusa kaɗan za a ɗaura, keken ya koma na hannu. Wani dattijon kwamiti ya ce, "Yaro, kayan ikilisiya ne. Ba a taɓawa sai kwamiti ya zauna. In baƙin suka dawo, su tarar da shi yadda suka bayar."

Na ce mu ɗaura kawai, wa zai sani? Ta ƙi. "In suka yi fushi suka ɗauke fa? A ce gurguwa ba ta da godiya."

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Kwamiti bai zauna ba.

Ganina da ita na ƙarshe, tana zaune a tabarma gefen keken, tana sa maɓalli da allura a yunifom ɗin da wani tela ya ɗinka. Ta ce, "Hannun nan yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce, "Shafa masa mai, kar ya yi tsatsa kafin su zauna."

Yanzu na ji wai gobe kwamiti zai zauna, a kan wa za a ba keken.

Ubangiji Yesu ya karɓe ki, Yaya, ya zaunar da ke inda ba a jiran izinin kowa. Ku da kuka karanta, ku sa ta a addu'a, ku sa Ladi, ku sa ni ma, don zuciyata ba kyau.

Ran Lahadi bayan sujada zan ajiye hannun nan a teburin gaba. Wanda ya ce a jira, ya tashi gaban jama'a ya faɗa mana: me aka jira?