Inna da kujerar jirgin Makka

Jiya da hantsi na tarar Inna ta zazzage jakarta ta Umra, wai ta fasa. Maƙwabciyarmu ce ta gaya mata jirgin da za su shiga ya fi sauran ɗibar mutane.

Na buɗe waya na nuna mata jirage biyu, ƙira ɗaya. Dogon, wanda za su shiga, ya fi ɗaukar fasinja, gajeren kuma ya fi nisan zango kafin ya sauka shan mai.

Ta dangwala yatsa kan gajeren. "Wanga nika so. Dogon nan na san halinshi, taksin garin Gazawa ne ranar kasuwa. Gwiwata ba ta iya ɗaukar mutum har Makka."

Na ce, "Inna, ba matse mutane ake ba, jirgin aka ƙara wa tsawo. Kowa da kujerarshi."

"Ni ɗaya? Ba wanda za a aza mini?"

"Ke ɗaya."

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta jawo jakar. "To miƙo mini zannuwan nan."

Tun tana budurwa take shiga mota, amma kujerar farko da za ta zauna ita kaɗai, ta zuwa ɗakin Allah ce. Ku fa, wa aka taɓa aza muku a cinya?