Shafin da Yaya Laminu Bai Gani Ba

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Laminu, a bazarar da sanƙarau ya ratsa ƙauyukan Madarumfa. Na sha ɗaukar alƙalami don in yi rubutu a kansa, ina ajiyewa. Yanzu da furfura ta cika mini kai, na ga gara in faɗa tun ina iya tunawa.

Laminu ya karanto ilimin ordinatar, wato kwamfuta, a Yamai, ya dawo gida lokacin da yawancinmu ba mu taɓa ganin na'urar da ido ba. Wani furoje, wato shirin kiwon lafiya, ya ɗauke shi aiki, ni kuma ina sakatariya a nan. Ɗaki ɗaya muke zama, tagarsa na kallon hanyar tabki inda masunta ke wucewa da safe. Aikina shi ne shigar da takardun da ake kawowa daga ƙauyuka: awon ciki, haihuwa, rigakafi. Kowane aiki yana da shafinsa a fuskar na'ura, mai gurabun cikewa, kuma duk sa'ad da aka zo da sabon aiki, sai Laminu ya yi kwanaki yana zana masa shafi, gurbi bayan gurbi.

Abin ya ishe shi. Ya ce mini ai kowane aiki da ke cikin na'urar ya san abin da yake nema, suna ne ko lamba ko kwanan wata, dole ne ko ana iya tsallakewa. Me zai hana a rubuta bukatar aikin kawai, na'urar ta zana shafin da kanta? Damina guda ya yi yana fama, Inna na faɗan yana barin tuwo ya huce. Ranar da abin ya yi, ya rubuta ƴan layuka kan awon jarirai, ya danna, sai ga shafi ya tsaya da gurabunsa cif. Ya tilasta mini koyo ina ƙorafi. Saƙonnin da na'urar ke ba mai cikewa kuwa ya ƙi barin su da Faransanci. Ya sa su da Hausa, da irin maganarsa ta mutumin da ba ya son ɓata wa kowa rai. Har ya taɓa nuna mini wata mujalla, yana cewa wata rana irin waɗannan shafuna za su riƙa tafiya ta wayar tarho daga gari zuwa gari. Na yi masa dariya.

Da cutar ta ɓarke, shi ya tafi garin Sarkin Yamma karɓo takardu. Ya dawo da ciwon kai, washegari wuyansa ya sandare. Aka kai shi Maraɗi, bai dawo da ƙafarsa ba.

Bayan sadakar bakwai na koma aiki, don takardun marasa lafiya sun taru kuma ba su da shafi. Na zauna a kujerarsa, na rubuta yadda ya koya mini: suna, shekaru, gari, ranar kwanciya, yadda ta ƙare. Na danna. Shafin ya fito kamar shi ya zana shi, har da yadda yake barin fili tsakanin gurabu. Na fara shigar da mutane, tsofaffi da yara, wasu na san iyayensu. A tsakiyar ƙunshin da ya zo daga Maraɗi na ci karo da takardarsa.

Na rubuta sunansa da shekarunsa da garinmu. Gurbin ƙarshe na kasa. Na danna don in wuce, sai rubutu ya fito a ƙasa: “A yi haƙuri, akwai abin da ba a faɗa ba tukuna.” Na sake dannawa, ya sake fitowa. Ni da hannuna na shaida wa na'urar cewa gurbin nan dole ne, kuma ga yayana yana roƙona cikin ladabi in cike shi. Ina zaune har aka kira azahar, kafin na iya rubuta “ya rasu”. Na'urar ta amsa: “An gode. Sai na gaba.” Kuma akwai na gaba, da yawa.

Ɗiyarsa Hadiza, wadda ya bari tana rarrafe, yau a Yamai take gina shafunan intanet. Da ta zo sallah ta nuna mini a wayarta yadda take bayyana bukatar aiki, shafi ya fito nan take, a cike shi daga Ɗan Issa ko ƙasar waje. Ba ta san mahaifinta ya bi wannan hanya ba sai da na gaya mata. Na tabbata da ya gani da ya manta da abinci yana tambaya. Amma da ya ɓata fuska in ya ga shafunan yau suna korar dattijo da jan rubutu don bai san ranar haihuwarsa ba.

Na'urar tamu ta daɗe da mutuwa, ƙwari da zafi sun cinye fayafayan da aka adana aikinsa a ciki. Ba abin da ya rage a hannu. Hadiza ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Gwaggo, yaya muryarsa take?”

Na buɗe baki, na nemi muryar na rasa. Na tuna tafiyarsa da yadda yake sosa ƙeya, amma sautin ya tafi ban san yaushe ba. Sai na ce ta yi wa masu cike shafunanta magana a hankali, za ta ji shi. Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya, kai da duk waɗanda na rubuta sunayensu a ranar.