Rijiyar Baƙi da tabon Yaya Tabawa

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai yayata Tabawa makwancinta, amma bana na fi jin zafin rashinta.

Ita ce malamar asibiti mace ta farko da muka sani a ƙaramin ɗakin shan magani na Wudil, tun Turawa ba su tafi ba. Ni kuwa ina ɗinki a bakin kasuwa, ina shan tsiya wajen abokai, wai yayata ta fi barkono yaji. Ba su yi ƙarya ba.

A wata shekarar yunwa mutane suka kwararo daga arewa, suka kafa bukkokin kara a hanyar Dagumawa. Sai aka baza magana wai sun zo da cutar agana, aka hana su zura guga a rijiyar unguwa. Suka koma shan ruwan kududdufi, zawo ya dinga ɗauke musu yara. Tabawa ta bi su bukka-bukka ta yi musu lamba, wato rigakafin agana da ke barin tabo a damtse. Duk da haka aka ƙi su.

Wata safiya ta karɓi gugan wata baƙuwa mai goyo, sunanta Indo, ta ja ruwa a gaban mai unguwa da dattawa, ta kafa kai ta sha.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, da hannuna na yi musu lamba. In gugan nan kisa yake yi, bari ya fara da ni."

Mai unguwa ya ce, "Ke dai Tabawa ba ki da dama. To, su ɗiba."

Tun daga ranar ake kiran wurin Rijiyar Baƙi. An ce baƙo raɓa ne, amma waɗannan ba su tashi ba. Sun yi gonaki, sun yi gidaje, mun haɗa zuri'a.

Bana fari ya sake koro wasu. Ran nan na bi ta unguwar, na tarar an yi wa rijiyar murfin ƙarfe da kwaɗo, ga mata baƙi tsaye da tuluna babu ko ɗigo. Mai riƙe da mukullin Sale ne, jaririn nan da Indo ke goye da shi a wancan lokacin. Bayan mun gaisa na roƙe shi ya buɗe musu.

Ya ce, "Baba, ba mu san cutar da suka kwaso ba. Ga kogi can."

Rijiya ta bayar, guga ya hana. Na ba shi labarin Tabawa, ya saurara cikin ladabi, ya yi mata addu'a, sannan ya ce shi bai taɓa jin sunan ba. Wannan ya fi kwaɗon yi mini ciwo. Da tana raye, na san ba roƙo za ta tsaya yi ba kamar ni.

Ina ta tambayar kaina me ya rage nata. Ba ta haihu ba, an rushe ɗakin maganin, sunan rijiyar ma yaran yanzu ba su san dalilinsa ba. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma ban fid da rai da ladanta wajen Allah ba. A nan duniya dai abu ɗaya na gani. Da Sale ya miƙa hannu ya jijjiga kwaɗon don ya tabbatar ya kullu, hannun rigarsa ya zame, sai ga tabon lambar Tabawa a damtsensa.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya.