Layin da Ban Rubuta Ba

Shekarar da na dawo Gusau da takardar shaidar karatun kwamfuta, ko gaisuwa sai na barbaɗa mata Turanci. Ina da ɗan shago a Sabon Gari, ina gyaran wayoyi da laftof, ina jiran aikin da ya dace da girmana. Ya kuwa zo. Wata ƙungiyar manoma a Bunguɗu ta sayi saba, wato kwamfutar da ke riƙe da sunayen 'ya'yan ƙungiya da gonakinsu, don rajistar rabon taki. 'Yar gwanjo ce, ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga biyu kacal. Da zarar mutanen Nahuce da Kekun Waje sun cika layi, magatakarda uku sun duƙufa shigar da sunaye, sai ram ya cika, saba ta kashe manhajar rajista don ta tsira da ranta.

Maganin ba wuya. Ana yankar wani yanki na faifan ajiya a ba ta, in ram ya cika ta riƙa sauke kaya a can, kamar mai shanyar da tabarma ta yi wa kaɗan ya kwashi rabi ya kai zaure. Suwaf ake ce masa. Na yanka mata giga huɗu, na kunna, rajista ta miƙe. Alhaji shugaban ƙungiya ya kira ni injiniya a gaban jama'a, ni kuma ban gyara masa ba.

Washegari da hantsi aka bugo mini waya, abu ya sake tsayawa. Na hau mota na je, na duba, suwaf babu shi babu dalilinsa. Na sake kunnawa. Haka muka yi kwana uku, kullum ina hanyar Bunguɗu, manoma na zaune a rana suna kallona, taken injiniya na zubewa a hankali.

Rana ta uku na tara ma'aikata na tambayi wanda ke taɓa saba. Ofishin na da sola da batura, babu dalilin da za ta mutu. Masinjan ofis, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya ɗaga hannu kamar mai jiran yabo. Shi ke share wurin, shi ke rufewa bayan la'asar. Ya ce, "Ni na, Malam. In an tashi duk ni kan kashe na'urorin, in lulluɓe ta da ƙyalle. Ita ma ta huta, ta yini tana aiki."

Na yi dariyar da har yau nake jin kunyarta. Na juya wajen Alhaji na yi masa lacca: saba ba fanka ba ce, ba a kashe ta, aikin masana ne ake bari a hannun wanda bai san komai ba. Na ji daɗin bakina ƙwarai. Abin da ban faɗa ba, don ban ko duba ba, shi ne suwaf ɗin da aka kunna da hannu yana tafiya da zarar an kashe na'ura. Sai an rubuta shi a wani fayil mai suna fstab kafin ta riƙa tuna shi duk sanda ta tashi. Layi ɗaya ne tak, ɗan koyo ma ya sani. Ni a raina na rubuta, tunda injiniya ba ya mantuwa.

Kafin mako ya zagayo Alhaji ya sallami Baba. Dama akwai wani surukinsa a Tsafe da ke zaman banza, mutumin da ko tsintsiya ba ya ɗagawa balle ya kashe soket. Shi aka ba gurbin. Saba ta kwana ta yini a kunne, rajista ta tafi sumul, kowa ya ce ai ga shi nan.

Sai damina ta kankama. Aka yi kwana biyu hadari ya rufe rana, batura suka ƙare, saba ta mutu da kanta. Da ta tashi, babu suwaf, babu kuma Baban da zan ɗora wa. Na buɗe fayil ɗin. Babu layin. Na rubuta shi, na kashe ta na kunna har sau uku, kowane karo suwaf na nan daram.

Na sami Alhaji na gaya masa gaskiya, laifina ne, a mai da dattijon. Ya kalle ni ya ce, "Shina kashe ta ko ba ya kashe ta?" Na ce yana kashewa, amma ba shi ne matsalar ba. Ya ce, "To mi kake so in ce ma surukina? Bar zancen ga, injiniya." Na bar shi kuwa. Ban ko ja ba.

Bayan kaka na haɗu da Baba a kasuwar Bunguɗu, yana tsugune gaban 'yar kasar kuɓewa busasshiya. Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya miƙe da ƙyar ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, tun rannan nike son ganinka. Ka yahe mani, na wahal da kai, wallahi ban sani ba. Ta dai samu lahiya?"

Na ce ta samu.

Ya ce, "To alhamdu lillahi."