Kifin da na cire daga kwantena

Shekarar da na gama jami'a, ban sami aiki da wuri ba, sai na riƙa taimakawa a wani mustauda, ɗakin ajiya a unguwar Utaibiyya, nan ƙasa mai tsarki, inda 'yan unguwarmu ke tara kayan agaji. A lokacin ambaliya ta ci garuruwa a ƙasar kakanninmu, ana cika kwantena da barguna da shinkafa, za ta tashi daga Jidda ranar Alhamis. Ni aka ɗora wa duba kayan abinci, wataƙila don an san ni da yawan tsoro.

Ranar Litinin wani dattijo ya zo da kwali shida a tasi. Ya zo umra ne daga wani ƙaramin tsibiri da sai da na duba taswira kafin na yarda akwai shi. Da Larabcinsa mai tsinkewa ya gaya mini cewa a garinsu kowane jirgin masunta yana ware kifi ɗaya daga kamun yini. Mata su dafa, su yi masa hayaƙi, su shanya, a ajiye don duk ƙasar da bala'i ya faɗa wa. Ya ce su ma teku ta taɓa shiga gidajensu, kuma baƙi ne suka ciyar da su.

Bayan ya tafi na buɗe kwali ɗaya. Kifin ya yi tauri kamar icce, da wani fari-fari a jikinsa. Ni banda na sani, kuma a gidanmu da zarar banda ta yi fari, fumfuna ce, zubarwa ake yi. Na yi ta tunanin yaran da za su ci su kwanta ciwo. Ina da lambar otal ɗinsa a aljihu, amma na ji nauyin in ce wa dattijo kyautarsa ta lalace. Sai na ja kwalayen bayan ƙofa, ban gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar ya dawo yin bankwana, ya hango su.

"Ya waladi, ɗana, motar ɗaukar kayan ba ta zo ba ne?"

"Ta zo, ya ammi, baffana. Na ga kamar... ina jin ya fara lalacewa."

Ya ɗauki guda, ya goge farin da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa shi a bango. Ya ce haka mai kyau yake, yana shekara bai yi komai ba, shi ya sa suke aika shi inda babu firji. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko akwai wata kwantena, na ce mai yiwuwa, alhali na san babu.

Daga baya na kai kwalayen gida. Mahaifiyata ta raba kifin ga iyalan da aka tasa daga unguwar Nakkasa da aka rushe, ta rage kaɗan ta daka a miyar kuka. Kowa a gidan ya ƙara tuwo. Wataƙila ladan masuntan bai ragu ba, ban sani ba. Amma ba mu suka ware wa kifin nan ba, kuma ni ma na ci.